Lissafin da na ce a bari sai ƙarshe

Wata bakwai muka yi muna gyara fuskar manhajar albashi. Shafin shiga, maɓallai, rahotanni masu launi, duk mako da abin da za mu nuna wa shugabanni su gyaɗa kai. Shi kuwa lissafin dare, tsohon aikin nan da aka rubuta da COBOL (wani daɗaɗɗen yaren kwamfuta) da ke tashi bayan kowa ya watse ya fitar da albashin ma'aikata, babu mai son ya taɓa shi. Ni da bakina na ce a bar shi sai ƙarshe. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da muka iso kansa muka sake rubuta shi da Python, yaren kwamfuta na zamani, muka ba tsoho da sabo lissafin wata guda. Ba su zo ɗaya ba. Bambancin a lambar ƙarshe yake, amma a kuɗin mutane ai babu kaɗan. Kwana tara ina bin layi ɗaya bayan ɗaya kafin na gano: wajen daidaita lamba ta zama cikakkiya, COBOL in ya tarar da rabi sama yake ɗaga shi, 2.5 ya koma 3, shi kuma round, umarnin da ke wannan aikin a Python 3, sai ya mai da 2.5 ya zama 2. Wannan ma da sauƙi, decimal, wani kayan lissafi da ke cikin Python, ya magance shi.

Inda muka ji jiki shi ne, ashe tsohon tsarin kowane cire-cire, haraji daban, fansho daban, sai ya daidaita shi ya ajiye kafin ya haɗa jimla. Babu takardar da ta faɗi haka. Mu kuwa jimla kaɗai muka tanadar wa gurbi a sabon rumbun bayanai, kuma a kansa muka ɗora duk rahotannin nan da aka yi ta yaba mana. Dole muka rushe su. Da a makon farko muka gwada wata guda ɗin nan, da tuni mun sani.

Yanzu ko wane aiki aka ba ni, tambayata ta farko ita ce: wane ɓangare ne kowa ke kauce wa? Daga nan nake farawa, ko da zan yi wata biyu ba ni da abin nunawa a taro. Kuma ina neman wanda ya daɗe yana kula da tsarin tun kafin in rubuta layi ɗaya. Namu dattijon, da na kai masa takardun, kallo ɗaya ya yi musu ya ce, "Ai da kun tambaye ni."