Ɗan yayata wai zai bar karatu ya je neman manufar rayuwarsa

Jiya da daddare ɗan yayata ya zo ya same ni, ya zauna yana ta jujjuya waya a hannu kafin yace, "Kawu, ni fa na yanke shawara zan ajiye karatun nan." Karatun jinya yake yi kuma saura masa shekara ɗaya ya gama fa, shekara ɗaya tak. Nace saboda me? Yace wai abin baya ransa, kullum in ya tashi ji yake kamar rayuwar wani yake yi, yana so ya tsaya ya gano abin da aka halicce shi dominsa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don maganar nan sak ita na faɗa wa mahaifina ina ɗan shekara 27.

Lissafi nake koyarwa a lokacin, shekara huɗu ina yi, sai wata irin gundura ta kama ni, in shiga aji in fito kamar inji, rannan kawai na rubuta takardar ajiye aiki ban shawarci kowa ba. Baba yace in bari ko zangon ya ƙare, nace masa shi bazai gane ba. Daga nan na shiga yawo, na taɓa kasuwanci, na koyi gyaran kwamfuta, na koma wani kwas ban ƙarasa ba, na haɗa jari da abokai muka watse, kuma kowanne in na fara wata ukun farko ji nake to yanzu na samu, da zarar ya fara wuya ko ya zama yau da gobe abu ɗaya sai ince ai wannan ma ba shi bane. Shekara tara a haka. A cikin shekara ta taran Baba ya rasu, bai ganni riƙe da komai ba, wannan har yau yana ci na.

Amma fa nima ba haka kawai na tashi na bar aikin ba, a yi min adalci. Yara sun fi ƙarfin aji, shugaban da muke ƙarƙashinsa baya ganin kowa da gashi, ka yi aiki kamar ka mutu ba ko sannu. Sai a 2019 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar nan da matsin aiki ke jawowa, da alamominta uku, ƙarewar kuzari, jin ka tsani aikin ko ka yi nisa da shi, da raguwar ƙwazo, na karanta naga duka ukun ina da su a wancan lokacin. Kenan ba ƙarya nake ba, da gaske na gaji. Sai dai mai gajiya hutu yake buƙata, ni kuma na ɗauka rayuwata ce gaba ɗaya ta ɓace. Da na samu wanda zai ce min huta wata biyu ka dawo... to amma an faɗa min ɗin ai, Baba ya faɗa, ni ne ban ji ba. Da na sani ƙeya ce.

Abin da ya dawo da ni ma ba wani babban abu bane. Lokacin kullen korona a 2020 makarantu a rufe, yaran maƙwabta biyu suka riƙa zuwa ina nuna musu lissafi don kar su manta, ba biya ba komai. Bayan kamar wata guda na lura ina tashi da sassafe ina shirya musu tambayoyi, ina tunanin ta ina zan ɓullo wa ƙaramar don ta gane rabawa. Abin da na zaga shekara tara ina nema ashe shi na ajiye na tafi. Daga baya na karanta labarin Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da gwamnatin Nazi ta Hitler ta tsare a sansanonin azabtarwa daga 1942 zuwa 1945, iyayensa da matarsa da ɗan uwansa duk suka mutu a can. Shi a ganinsa ma'anar rayuwa ta hanya uku take zuwa, aikin da kake yi, mutumin da kake ƙauna, da yadda ka ɗauki wahalar da baka da ikon kauce mata. Ba inda yace ka zauna ka jira ta faɗo maka.

Na so in jero wa yaron nan abubuwa kusan goma, da na buɗe baki kaɗan ne suka fito. Nace gama karatun. Gama shi kawai, bayan nan kayi duk abin da kaga dama. Nace kuma ka ajiye wayar nan, ku yaran yanzu wani zai fito a TikTok na sakan talatin yace muku ku bi abin da zuciyarku ke so, shi kenan kun watsar da shekara uku, ba kwa iya zama da gundura ko ta kwana biyu, komai sai ya yi daɗi yanzu yanzu. Kana zuwa asibiti koyon aiki, akwai mara lafiyar da ke jiran a juya shi, a duba masa ruwan da aka ɗaura, wace manufa kake nema da ta wuce wannan?

Sai kuma naji kaina ina cewa in har ka gama ka yi aikin kaga da gaske ka tsane shi to ka bari, kar ka tsaya, don na san mutanen da suka yi shekara talatin a aikin da basa so, sun zama masu ɗaci, suna huce haushi a kan iyalansu. Yace, "To Kawu wanne zan ɗauka, in haƙura ko in bari?" Nace ban sani ba, amma ba yanzu ba, kuma ba a gajiye ba, je kayi barci tukuna.

Yace zai duba, idonsa na kan waya. Ranar Litinin suke da jarabawa, nace da sassafe zan kira shi, in bai ɗaga ba da ƙafata zan zo.