Abin da amosanin kai ya koya min a ɗakin duba masu ciwon fata

Lokacin da aka tura ni fostin ɓangaren fata a shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, gaskiya ban so ba, don hankalina gaba ɗaya yana ɗakin haihuwa. Wata uku aka rubuta min. Toh a cikin wata ukun nan ne na san sunan abin da ke kaina tun ina 'yar shekara 14, abin da Umma ta yi ta fama da shi da man shanu da man zaitun da karkashi, muna ce masa amosani, muna cewa bushewar kai ce kawai.

Sati na biyu da zuwana wata mata ta shigo da goyo, za ta yi shekara talatin da 'yan kai. Likitar da nake ƙarƙashinta ta ce, Hajiya ɗan zame ɗankwalin mu gani. Sai da ta waiga ta tabbatar ƙofa a rufe take sannan ta zame. Kitso ne ƙanana da ya kusa wata biyu a kanta, a cikin kowace tsaga akwai wani ɓawo mai ruwan ɗorawa, mai maiƙo, ya manne da fata kamar ƙanzo a gindin tukunya, daidai inda gashi ya fara a goshi fatar ta yi fari-fari, haka cikin gira, haka gefen hanci, bayan kunnenta kuma ya tsage har yana ɗan tsatsafo da ruwa. Ta ce, likita wallahi ba ƙazanta ba ce, kullum safe da dare sai na shafa mai amma kamar ƙara masa nake yi. Likita ta ce, ai ƙara masan kike yi Hajiya.

Ni da nake tsaye riƙe da kati sai da gabana ya faɗi, don abin da nake yi ke nan shekara da shekaru.

Bayan matar ta fita likita ta zaunar da mu ɗalibai ta yi mana bayani. Ta ce sunansa a likitance seboriyik damataitis, amosanin da muke gani fari kamar dusa a kafaɗar riga shi ne ƙaraminsa, wanda muka gani a kan matar nan kuma shi ne idan ya yi ƙarfi. Akwai wata ƙwayar halitta dangin yis da ake kira Malassezia, an sa mata sunan wani likita Bafaranshe, Malassez, da ya bayyana ta a 1874, kuma tana nan a fatar kowa, da mai amosani da marar shi. Abincinta maiƙo ne, ba ta iya haɗa nata kitsen da kanta sai dai ta ci wanda fatarmu ke fitarwa, shi ya sa take taruwa a wuraren da suka fi maiƙo, kai da gira da gefen hanci da gemu da bayan kunne da tsakiyar ƙirji. In ta ci maiƙon sai ta bar wani saura da yake fusata fatar wasu mutane, fatar ta kumbura ta yi ƙaiƙayi ta dinga saɓa da sauri fiye da ƙa'ida, wannan saɓar ita ce ɓawon. Wasu kuma ƙwayar na nan a kansu amma ko a jikinsu. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ta ce a ɗakin gwaje-gwaje in ana so a raini wannan ƙwayar ta hayayyafa, man zaitun ake malala mata a saman farantin da ake shuka ta. Man zaitun fa, wanda nake tsiyayawa a tsagar kitsona duk dare. Man kaɗanya da man shanu da man kwakwa su ma duk kitse ne irin wanda take iya ci.

Kin ga inda matsalar take, mu da mun ga fari-fari a kai sai mu ce ya bushe yana son mai, in an shafa man kuma ɓawon ya jiƙe ya kwanta ya daina zuba a riga na kwana ɗaya ko biyu sai mu ce ai ya yi magani, alhali a ƙarƙashi abinci muka kai mata. Ban ce a daina sa wa gashi mai ba, gashinmu yana so, ba ya jure bushewa, yana karyewa. Amma gashi daban fatar kai daban. A sa man a jikin gashin daga tsakiya zuwa jela, a ƙyale tsagar.

Sai maganar wanki, wadda ita ce ta fi ba mu wahala da marasa lafiya. Maganin da aka fi rubutawa shamfu ne na wanke kai mai ketokonazol kashi 2 cikin ɗari, irin su Nizoral, ko mai seleniyam salfaid irin Selsun, akwai kuma masu zink. Na farko dai sai ka tsaya ka yi bayani da kyau, don wasu matan da ka ce shamfu tunaninsu yana tafiya kan man nan mai kwantar da gashi, wanda shi kuma in aka sa shi a kan da ya riga ya yi rauni ƙonewa yake yi. Na biyu, mutane da yawa suna sayen maganin da tsadarsa su dawo su ce bai yi ba, in ka tambaya yaya kike amfani da shi sai ta ce na zuba na cuɗa ya yi kumfa na ɗauraye. Ai ba a ba shi lokaci ba. A fatar kai ake so ya zauna, a murza da tafin yatsu ba da farce ba, a bar shi kamar minti 5 sannan a ɗauraye, sau biyu a sati har sati biyu zuwa huɗu, in ya lafa a koma sau ɗaya a sati ko duk sati biyu. Kumfar ma ana iya shafa ta a gira da gefen hanci da gemu kafin a wanke. Kuma da yake yana busar da gashi, sai a bi jikin gashin da kondishona.

Toh sau biyu a sati ga mace mai kitso, nan ake yin ta. Wata ta taɓa ce min, Sista kin san nawa na biya aka yi min kitson nan kuwa, jiya-jiya aka yi kuma bikin ƙanwata saura kwana goma. Na fahimce ta sarai. Abin da na koya daga likitarmu shi ne kar ka ba mutum dokar da ka san ba zai iya bi ba, ku zauna ku nemi wadda zai iya. A watan da ake magani a yi manyan kitso guda huɗu ko shida, ko kalaba, wanda za a iya wankewa da shi a kai kuma a tsefe ba tare da jin asara ba. In ƙananan ne kuma ba za a tsefe ba, a tsarma shamfun da ɗan ruwa a bi tsaga-tsaga da shi. Sannan a bari kai ya bushe. Wannan ƙaramar magana ce amma ni a wajena babba ce, don mu kanmu a rufe yake wuni, a yi wanka ko wankan tsarki ruwa ya shiga kitso, a mayar da hula a ɗora ɗankwali a zura hijabi kai bai bushe ba, ga gumi ga mai, ga zafin garinmu. Ko rabin awa ce a zauna a ɗaki kai a buɗe ya sha iska, hulunan ciki kuma a dinga wanke su ana canzawa.

Akwai wani saurayi da ba zan manta ba, ɗan kasuwa ne, nasa a fuska yake, cikin gemu da saje da gefen hanci. Ya je kemis aka ba shi kirim ɗin nan mai haɗin uku da ake ba kowa a kan kowane ƙurji, kwana uku fuska ta yi sumul, ya ji daɗi, da ya daina abin ya dawo ya fi da, ya koma ya sake saya, haka ya yi ta yi sama da shekara. Lokacin da ya zo mana kumatunsa sun yi ja-ja sun fi sauran fuskar haske, fatar ta yi siriri har ana hango ƙananan jijiyoyi, ga ƙuraje sun feso. Ya ciro bututun daga aljihu ya miƙa wa likita ya ce, ni yanzu in ban shafa ba fuskata wuta take ci. A cikin irin waɗannan mayukan akwai sitiroyid mai ƙarfi, kilobetasol ko betametazon, wanda yake kashe kumburi da ƙaiƙayi nan take amma in aka daɗe ana shafawa musamman a fuska yana cinye fata. Ba wai ba a amfani da sitiroyid ba ne sam, likita kan ba da mai sauƙi kamar haidirokotizon kashi 1 cikin ɗari na 'yan kwanaki in abin ya tashi sosai, tare da kirim na ketokonazol, sannan a tsaya. Wata da watanni aka ɗauka ana janye shi daga man nan a hankali, kuma na ga yadda ya sha wuya. Har yau in na ga ana miƙa wa mutum wannan kirim ba tare da an kalli fatarsa ba raina ɓaci yake.

Maganar abinci kuwa kusan kowa sai ya tambaya, Sista me zan daina ci. Wasu kafin su zo ma sun riga sun yanke wa kansu hukunci, sun bar ƙwai sun bar gyaɗa sun bar nono sun bar kifi, wai maiƙo ne ke fitowa ta kai. Wata mai shayarwa ta zo duk ta rame don an ce mata ta bar waɗannan, amosanin kuma yana nan daram. Abin takaicin shi ne ƙarancin wasu sinadaran, bitamin B2 da B6 da zink, shi da kansa yana iya kawo saɓar fata mai kama da wannan a gefen hanci da baki, kuma a ina ake samun su in ba a nono da ƙwai da hanta da wake da gyaɗa da kifi da ganye ba. Akwai wani bincike da aka yi a Rotadam ta ƙasar Holan aka buga a 2019, a kan mutum sama da 4,000, aka ga masu yawan cin 'ya'yan itatuwa sun fi ƙarancin kamuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mata masu yawan cin abinci irin na Turawa mai nama da dankali da giya kuma abin ya fi yawa a cikinsu. Amma binciken alaƙa ya nuna, bai ce in ka sha lemo da gwanda amosani zai tafi ba. Don haka abin da nake gaya wa mutane shi ne ku ci abin da ke kakarsa, mangwaro, gwaiba, kankana, lemo, kwaɗon zogale, ku rage lemon kwalba da kayan zaƙi don lafiyarku baki ɗaya, in kin lura da kanki akwai wani abu takamaimai da in kin ci abin ke tashi toh ki bar shi, amma kar ki hana kanki abinci mai gina jiki, kuma kar ki ajiye shamfun kina jiran abinci ya yi aikinsa. Ni a karan kaina abin da na ga yana tayar min da shi ba abinci ba ne, dutin dare ne a jere da rashin barci da lokacin jarabawa, sai kuma hunturu in iska ta fara kaɗawa.

Wani abin da ya kamata a sani, ba duk ɓawon kai ne amosani ba. Yaro ɗan firamare da kansa ya yi fari zagaye-zagaye gashi yana gutsirewa, wannan yawanci makero ne, ana ɗaukarsa ta askar aski da mataji da hula, kuma shamfu ko man shafawa kaɗai ba sa kashe shi sai an haɗa da na sha na makonni. Amosani shi ba a ɗauka, ko filo ɗaya kuke kwana. Na jarirai da ke fitowa a maɗiga a watannin farko yawanci da kansa yake tafiya, a dai tausasa shi da ɗan basilin kafin wanka a wanke a hankali, kar a kankare da farce. In kuma ya taso wa babba farat ɗaya da ƙarfi ya bazu a jiki ya ƙi jin magani, likita kan so a yi gwajin jini, don yana tsananta ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ɗauke da HIV, haka ma masu ciwon makyarkyata na Fakinson.

Abin da ya fi min wuyar faɗa wa mutane har yanzu shi ne ba ya warkewa ya tafi gaba ɗaya, lafawa yake ya dawo. Da farko ina jin nauyin faɗa, sai na ga in ba ka faɗa ba ranar da ya dawo mutum zai ce maganin asibiti bai yi ba ya koma wajen mai haɗi. Matar nan mai goyo likita ta gaya mata tun ranar farko. Bayan sati huɗu ta dawo da manyan kitso guda shida, bayan kunnen ya rufe, farin goshin ya fara komawa kalar fatarta, wannan karon ma ba ta waiga ƙofa ba ta zame ɗankwalin. Ta ce, Sista uwar mijina fa har yanzu cewa take in zuba man shanu, na ce mata ina sa wa a jela. Likita ta rubuta mata sau ɗaya a sati, ta ce in sanyi ya shigo ta ji ƙaiƙayi ya fara ta koma sau biyu ba sai ta jira ɓawo ya taru ba.

Ni ma a ranar Juma'ar satin na tsefe kaina a gida, Umma ta ɗauko kwalbar man zaitun kamar yadda ta saba za ta bi min tsaga, na riƙe hannunta na ce Umma a jela kawai, na zauna na ba ta labarin farantin nan na ɗakin gwaji. Ta yi shiru tana juya kwalbar, can ta ce toh Allah ya sa mu dace, kira min ƙanwarki ita ma in duba nata kan.