Abin da aikin asibiti ya koya mini a kan sanƙarau

Duk wanda ya yi aikin jinya a jihar Damagaram ko da na shekara ɗaya ne ya san asibiti ma yana da nashi damina da rani kamar gona. Daga Agusta zuwa Oktoba palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ne ke cika mana gadaje har sai an shimfiɗa tabarmi a ƙasa. Da an gama girbi, hunturu ya buso, leɓe ya fara tsagewa, sai ka ga hankalin majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya koma kan wuyan yara, don daga Disamba har saukar ruwan farko lokacin sanƙarau ne, kuma shi ba ya ba ka kwana uku ka yi shawara, yaron da ya karya kumallo da safe yana wasa zai iya cikawa kafin gobe war haka.

A makaranta mun haddace cewa ƙwayar bakteriya ce ke shiga rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya ta kumbura ta, kuma manyan masu kawo ta uku ne, meningokok da nimokok da hemofilus, meningokok ɗin shi ne mai tada annoba. Abin da ban gane ba sai da na fara aiki shi ne yawancin masu raba cutar lafiyarsu ƙalau. Cikin mutum ɗari, biyar zuwa goma suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro ba ta yi musu komai ba, su yi tari ko atishawa ta tsallaka ga wani, shi kuma in an yi rashin sa'a ƙura da bushewar iska sun riga sun kakkarce masa cikin hanci da maƙogwaro, sai ta samu ƙofa ta shiga jini, daga nan sai kai. Tsakanin kamuwa da bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10, galibi 3 ko 4. To ka duba yadda muke kwana lokacin ɗari, mutum takwas ɗaki ɗaya, an toshe taga da tsumma, ga almajirai a zaure sun cure wuri guda don su ji ɗumi. Ba zargin kowa nake ba, sanyin Janairu a garin nan ba wasa ba ne, amma ta nan take bi.

Babban darasin da na samu shi ne kar gwajin palu ya rufe maka ido. Uwa ta kawo yaro jiki zafi rau, an tsaga yatsa an ɗiga jini, layi biyu sun fito, shi ke nan kowa ya huta, a rubuta magani a ce na gaba. Alhali a ƙasarmu yaro zai iya yawo da ƙwayar palu a jininsa kuma abin da ke neman kashe shi daban ne. Majon da na fara aiki ƙarƙashinsa, dattijo ne mai ƙarancin magana, ko gwaji ya nuna me sai ya kwantar da yaro rigingine, ya sa tafin hannunsa ƙarƙashin ƙeya ya ɗago kan a hankali yana neman haɓa ta taɓa ƙirji. In wuya ya ƙi lanƙwasuwa, yaron ya saki ƙara ko ya naɗe gwiwoyinsa, sai ya dube ni ya ce "ɗana, ɗauko mini seftiriyazon", wato allurar antibiyotik da ake yi wa mai sanƙarau, ba ya ƙara komai. Sauran alamun an san su, zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai kamar zai tsage, amai, gudun haske, ruɗewa, jijjiga. Akwai kuma wasu 'yan ɗige-ɗige na jini a fata waɗanda ba sa ɓacewa in ka danna, a littafi hotonsu jajir a jikin Bature, mu a fatarmu sai ka buɗe ƙasan ido ko ka duba tafin hannu da na ƙafa kafin ka gan su, in kuwa ka gan su to ƙwayar ta cika jini, gudu ake ba tafiya ba.

Jarirai su ne masu ruɗa mutum, don sau da yawa wuyansu ba ya sandarewa, sai ma ya yi laƙwas. Wata rana da yamma wata yarinya, haihuwarta ta fari, ta zo da uwar mijinta da ɗan wata biyar a goye, wai ya ƙi nono tun jiya kuma in an ɗauke shi kukan ƙaruwa yake maimakon ya yi shiru. Tsohuwar ta ce haƙori ne. Majo ya zaunar da jaririn a cinyar uwar, ya jira kukan ya lafa, ya shafa maɗiga, ya kama yatsana ya ɗora a wurin, na ji ta taso ta yi tauri maimakon ta ɗan lotsa. Ya ce "Inna, wannan ba haƙori ba ne, yau a nan za ku kwana." Ta ce "likita ai ba mu zo da shiri ba, ko tukunya ban sauke ba." Ya ce tukunya ta jira. Kafin a kira magariba allura ta shiga.

Maganin kansa ba wani abin mamaki ba ne. Lokacin annoba seftiriyazon ake yi sau ɗaya a rana har kwana 5, yaro miligiram 100 kan kowane kilo na nauyinsa, jaririn da bai kai wata 2 ba kwana 7, sannan a sauke zafin jiki, a tsayar da jijjiga, a ƙara ruwa in da bukata. Tsofaffin ma'aikata suna ba mu labarin zamanin kuloramfenikol mai mai, allura mai kauri da ake tsirawa a ɗuwawu sau ɗaya. In ba a yi magani ba cutar na iya kashe rabin waɗanda ta kama, ko da maganin ma akan rasa wasu, kuma bambancin mai tashi da mai tafiya galibi awoyi ne. Awoyin nan kuwa ba a asibiti suke ɓacewa ba, a gida ne. A fara da parasetamol, a sayo kafso ja da rawaya wajen mai tallan magani a kasuwar Dole ko bakin tasha, a ba shi guda biyu, a jiƙa rubutu, a jira maigida ya dawo daga kasuwar ƙauye ya ba da izini, sannan a nemi kabu-kabu. Ni ban taɓa hana kowa rubutu ko tofi ba, nakan ce Baba a kawo shi nan a sha a kan gadonmu, allura na yi addu'a na yi. Amma kafson nan na tebur yana ba ni haushi ƙwarai, don bai isa ya kashe cutar ba, sai dai ya dusashe ta, a ɗebi ruwan baya, wato ruwan da ke kewaye da laka, a kai ɗakin gwaji ƙwayar ta ƙi tsirowa, ga kuma koya wa ƙwayoyi jure magani da yake yi a hankali, har ranar da za mu ɗauko allurar kirki ta ƙi ci.

Ɗibar ruwan baya ita ma sai da na koyi yadda ake maganarta. Mutane da yawa sun yarda wai allurar baya ce ke gurgunta yaro, saboda sun ga wanda aka yi wa ya tashi ba ya tafiya daidai, ba su san ciwon ne ya yi ɓarnar ba. Abin da ya fi aiki shi ne ka nuna wa uban kwalbar da idonsa. Ruwan mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau ya yi gurɓi-gurɓi fari, in ya gani ba ya ƙara gardama. Ruwan nan ake aikawa har CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, don a san wane iri ne ke yawo, kuma ba a jinkirta magani don jiran sakamako, ko ɗibar ba ta samu ba allura ake fara yi.

Sanin irin yana da amfani don akwai tambayar da iyaye ke yi kullum, "ai an yi masa allurar sanƙarau, ya aka yi ya kamu?" Meningokok iri-iri ne. Nau'in A shi ne ya yi ɓarnar 1996, wadda ta kama sama da mutum 250,000 a Afirka ta kashe kimanin 25,000. A Disamba 2010 aka fara allurar MenAfriVac, riga-kafin nau'in A, a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma gaskiya ta karya lagon A. Sai C ya taso, a 2015 ya kama kusan mutum 8,500 a ƙasar nan ya kashe sama da 500, Yamai ta fi jin jiki. Mu ma nan daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma C ɗin ne ya fi yawa cikin waɗanda aka gwada. Yanzu akwai sabuwar allura mai tare iri biyar, A da C da W da Y da X, Nijeriya ce ta fara amfani da ita a 2024. Shi ya sa rahoton mako-mako da muke cikewa, wanda da nake ɗauka wahalar takarda ce kawai, yake da nauyi, don in gunduma ta kai mutum 3 cikin 100,000 a mako ɗaya an shiga faɗakarwa, in ta kai 10 annoba ce, da wannan lissafin ake neman allurar riga-kafi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen magana ba. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi sukan fita da tabo, kurumta, farfaɗiya, raunin hannu ko ƙafa, ko wahalar karatu. Kafin in sallami yaro nakan zagaya bayansa in tafa hannu in ga ko zai waiwayo, in kuma roƙi uwar ta dawo da shi ko da ta ga ya warke, don yaron da kunnensa ya mutu in ba a gane ba sai a yi ta dukansa ana cewa taurin kai gare shi.

A 2023 kuma mashaƙo ya ɓullo ta wajen Matamai ya ƙara mana wani karatun. Shi ma bakteriya ce mai bin numfashi, tana shimfiɗa wata fata toka-toka a maƙogwaro, wuya ya kumbura, haɗiya ta gagara, kuma dafinta yakan taɓa zuciya ko jijiyoyi makonni bayan an ɗauka an warke. Ba a kankare fatar nan, jini take yi, don haka kai yaro wajen wanzami a cire masa beli a irin wannan hali ƙara masa wahala ne. Maganin dafi ake yi da wuri tare da antibiyotik, a ware mara lafiya, a bi 'yan gidansu da magani da allura. In ka karɓi karne, wato katin riga-kafin yaran da aka kwantar, ka buɗe, sau da yawa gurbin allurar penta, mai tare cututtuka biyar har da mashaƙo, ta sati 6 da 10 da 14 ko dai ɗaya aka cike ko kuma babu ko ɗaya, wasu ma sai uwar ta ce karnen ya ɓace tun ƙaurar da suka yi.