Jan da ruwa ya shanye

Ranar Lahadi ɗan ƙanwata ya faɗo shago, ko sallama bai gama ba ya cusa mini waya a fuska. "Kawu, duba aiki." Wai ya bi abokansa Lagdo, tafkin dam ɗin nan da ke kan kogin Binuwai, ya sa wayar cikin ledar nan mai hana ruwa, ya nutsa ya ɗauko wani yaro yana iyo. Hoton ya fito kore kamar miyar kuka. Sai ya zauna kan bencina ya buɗe Snapseed, manhajar gyaran hoto, ya ja kala har ƙarshe, ya ja kaifi har ƙarshe, yaron ya koma kamar an tsoma shi cikin manja. Na ce ya ajiye wayar. Ya ce don me? Na kasa ba shi amsa nan take, don kaina nake gani a zaune.

Shekara goma ke nan ko fiye, ina tashen hoton biki a nan Garwa, kuɗi suka ɗan shigo. Bidiyoyin Bahar Maliya suka ruɗe ni, na sayi ƙaramar kyamara mai shiga ruwa, har da jan gilashin da ake maƙala mata a gaba. Ban san don shuɗin ruwan teku aka yi shi ba. Ruwa mai kore irin namu gilashi mai sirkin shunayya yake so. Kuɗin ma ba su ne ke cina ba.

Da na je Lagdo, wani dattijo masunci ne ya sauke ni, cikin waɗanda suka zo neman kifi bayan an gama dam ɗin a 1982. Yana da furfura, amma idan tarunsa ya maƙale a kututturen da ruwa ya cinye, da kansa yake nutsawa ya kwance. Na bi shi ƙasa. Tsoron taru ya sa na tsaya nesa, ni kuwa a ganina ina kusa, domin ta cikin gilashin nutso abu kan yi kamar ya matso da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Na kunna filasha don in taimaki kaina. Filashar ta haska duk wani datti da ke yawo tsakanina da shi, hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige kamar an watsa gari.

Abin da ban sani ba shi ne ruwa yana shanye launi ɗaya bayan ɗaya. Ja ke fara tafiya, ko a teku mai tsabta a mita 5 kusan babu shi, sannan ruwan lemo, sannan rawaya. Tazarar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka ma tana cikin lissafin. To jan fatar dattijon bai ma iso kyamarar ba, ni kuma na kwana gaban Photoshop ina ƙara shi. Ƙara abin da babu? Abin da ya ƙaru shi ne tsaki-tsaki ja a ko'ina. Na danna kaifi don ya rufe, sai farin zare ya zagaye kansa da kafaɗunsa, dattin ruwan ma ya fi fuskarsa fitowa. Kaifin kwamfuta gefen abu kawai yake tsanantawa, ba ya dawo da idon da bai fito ba.

Sai na adana a kan na asali. Katin kuma na goge shi, ina da ɗaurin aure ran Juma'a.

Ba wai ina wanke kaina ba ne, amma a yi mini adalci. Hannun da ya shekara yana haska amare, kowace tana cewa a ƙara mata, ya za a yi ya san tsayawa? Kati yana da tsada a lokacin, kuma ba wanda ya koya mini. Sai dai ko da ba a koya mini ba, na san ba a goge na asali, garaje ne kawai. Da na kai masa hoton ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, wannan wane aljani ne?" Muka yi dariya. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa suka zo har shago neman hoton babansu cikin ruwa. Aljanin nan kaɗai gare ni.

Na yi niyyar jero muku shawara goma, amma ku yaran yanzu wa zai karanta goma? Ku matsa kusa. Idan hannunka ba zai kusa taɓa abin ba, ka yi nisa. Ku tsaya sama-sama inda rana ke shiga, da tsakar rana, da rani, ba da damina ba lokacin da Binuwai ke kwaso laka. Ku kashe filasha. To, idan kana da fitilar da za ka riƙe can gefe, nesa da idon kyamara, kunna, ita kaɗai ke dawo da ja na gaskiya. Amma ku da ko cajin waya sai kun ara, ku kashe kawai.

Gyara kuwa, da so samu ne in ce kada ku taɓa. Ƙarya nake, hoton ruwa ba ya tsayuwa ba gyara. Ka shiga da farin murfin bokiti, ka sa shi cikin hoto ɗaya, idan ka fito ka nuna wa manhajar cewa wannan shi ne fari, sauran launuka su bi. Idan wayarka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto da waya ba ta sarrafa ba, ɗauka da shi, ya fi jure ja-in-ja. Kaifi shi ne na ƙarshe, kaɗan, kuma ka buɗe hoton girmansa ka duba, ba a ɗan allon da komai ke yin kyau ba. Idan kore ya ƙi fita, bar shi, ruwan Lagdo kore ne. Ko ka mai da shi baƙi da fari ka huta. Kuma wanda duk ya ga jini a fitsarinsa bayan wankan tafki ya tafi asibiti, tsargiya ba ruwanta da hoto.

Da dare na kira yaron na ce ya turo mini na asalin, a matsayin fayil, kada WhatsApp ya matse shi, in gwada masa yadda ake yi. Ya ce, "Kai Kawu, ai na goge, waya ta cika. Amma mutum arba'in sun danna wa wancan so."