Abun da aikin duba tsaro da yanayin makarantu ya koya min

Duk makarantar da za a ce maka "ai mu nan ba mu da wata matsala, ga rajistar ladabtarwa ka duba, zangon nan gaba ɗaya ko faɗa ɗaya ba a rubuta ba", toh ni yanzu a nan nake ƙara buɗe ido. Ba wai ina zargin shugaban makaranta da ƙarya ba ne, yawancinsu iya gaskiyarsu suke faɗa, abun da ya iso ofis shi suka sani. Sai dai kafin abu ya shiga rajista sai yaro ya yi ƙarfin halin kai ƙara, sai malamin da aka kai wa ya ga abun ya isa a ɗauka, sannan sai ya samu lokacin rubutawa, kuma bai ji tsoron a ce ajinsa ne mai yawan rikici ba. A kowane mataki ana zubar da wani abu a hanya. Shi ya sa farar rajista kan iya nufin zaman lafiya, kan kuma iya nufin yaran sun daɗe da yanke ƙauna da kai ƙara, kuma daga zaune a ofis babu yadda za a yi ka bambance biyun.

A 2019 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da rahoto da ta tattara bayanan ƙasashe da yankuna 144, ta ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku, kashi 32 cikin 100, ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayar. Wannan adadin daga bakin yara ya fito, ba daga rajistar kowa ba. Idan a duniya haka abun yake, makaranta mai ɗaruruwan yara ta ce min ita sifili take da shi, gaskiya sai na ji daga bakin yaran tukuna.

Farkon abun da ake ba mu a wannan aikin fom ne mai jerin abubuwan dubawa: akwai katanga, akwai maigadi, akwai littafin baƙi a bakin get, akwai abun kashe gobara, akwai akwatin agajin gaggawa. Ban raina fom ɗin ba, yana da amfani, kuma shi ne mafi sauƙin cikewa. Matsalarsa kawai "akwai" ko "babu" yake tambaya. Zaka tarar da tukunyar kashe gobara a rataye ja wur, ka matsa kusa ka ga allurar agogonta ta faɗi, wa'adinta ya wuce tun tuni, ka tambayi malamai uku wa ya iya cire fil ɗinta kowa ya kalli ɗan uwansa. A fom an riga an sa alamar "akwai". Ƙofa ma haka. Ni yanzu ba na tambayar ƙofofi nawa ne a ɗakin kwanan ɗalibai, zuwa nake na tura su da hannuna, na ga ciki suke buɗewa ko waje, na tambayi a hannun wa makulli yake kwana kuma a ina shi mai makullin yake kwana. A watan Maris na 2001 gobara ta tashi a ɗakin kwanan makarantar sakandare ta Kyanguli a Kenya, yara maza 67 suka rasu, kuma cikin abun da ya ƙara yawan asarar har da ƙofar da ke kulle da tagogi masu ƙarafa. Ƙarafan nan fa don tsaro aka sa su, don kar ɓarawo ya shigo ko yaro ya tsallake da dare. Abun da ke hana mugu shiga shi ne dai ke hana yaro fita, kuma idan mai dubawa bai riƙe biyun tare a kansa ba sai ya ba da maki mai kyau ga abun da zai iya kashe mutane.

Amma inda na fi koyon abu shi ne ɓangaren da ba a gani da ido, wato yadda yara ke ji a zuciyarsu game da makarantar, shin suna jin ana mutunta su, dokar nan iri ɗaya ce ga ɗan kowa ko ana duba fuska, idan wani abu ya same su akwai babban da za su iya tunkara. Wannan shi ne yanayin makaranta, kuma ba a auna shi sai da tambaya, ita kuma tambayar tana da nata sharaɗin.

Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aikinsa a ƙasar Norway, shi ya fara tsara yadda ake tambayar yara game da cin zali da kyau. A 1982 yara maza uku suka kashe kansu a arewacin ƙasar bayan cin zalin da suka sha, a 1983 gwamnati ta ƙaddamar da gangami na ƙasa baki ɗaya, takardar tambayoyinsa ta zaga makarantu. Dabarar da na ɗauka daga gare shi ita ce kafin ya tambayi yaro komai sai ya fara yi masa bayanin me ake nufi da cin zali: abu ne da ake yi da gangan, ana maimaitawa, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin kare kansa. Yara biyu sa'o'in juna su yi dambe su tashi, wannan faɗa ne, wani abu ne daban. Sannan yana sa wa tambayar iyakar lokaci, watanni biyun da suka wuce, ba "ka taɓa" ba, don "ka taɓa" kowa ya taɓa.

Ni ma a aikace haka na gani, har ma na ƙara da cewa gara ka tambayi aikin da aka yi ɗin kai tsaye. Ka ce wa yaro "ana cin zalinka?" zai ce a'a, musamman namiji mai tasowa, don amsa eh kamar ya yarda shi rago ne. Amma ka ce "a watan nan wani ya karɓe maka kuɗi ko abinci ba da son ranka ba?", "wani ya sa ka yi masa aiki dole don ya girme ka a aji?", "akwai sunan da ake kiranka da shi wanda ba ka so, ka hana an ƙi bari?", sai ka ga alamomi suna ta sauka. Yaro ɗaya ne fa, minti biyu tsakani. Dukan malami ma haka, da yawa daga cikin yara ba sa lissafa shi a tashin hankali sam, a wurinsu hukunci ne kawai, sai ka tambaya da me aka doke su da kuma ko ya bar tabo sannan ka gane girman abun.

Kuma wa ke raba takardar, wa ke karɓa, wannan kaɗai ya isa ya lalata aikin duka. Idan malamin ajin ne ke zagayawa yana leƙa kafaɗa, ko shi zai tattara, toh ka samu amsar da yara suke ganin malam yana so ne. Malami ya san rubutun hannun ɗalibansa ko babu suna. Shi ya sa na fi son tambayoyin da ake sa wa alama kawai, a tazarta kujeru, malam ya jira a waje, kowa ya ninke takardarsa ya jefa a akwati da kansa. Sannan dole a gaya musu gaskiya tun farko cewa ba za a nemi wanda ya rubuta ba, amma duk wanda ya zo da bakinsa ya faɗi abun da ke nuna rayuwarsa ko mutuncinsa na cikin haɗari, ba za a iya riƙe wannan a sirri ba, sai an sanar da wanda zai iya kare shi. Kar ka yi wa yaro alkawarin da ka san ba za ka iya cikawa ba, kuma kar ka shiga ajin ma idan ba ka riga ka san wa za ka kira ba in irin haka ta taso, don tana tasowa.

Abun da ya fi komai burge ni a kayan aikinmu kuwa taswira ce. Ron Astor da abokan bincikensa a Amurka sun yi rubutu a 1999 a kan wurare da lokutan da babu wani babba da yake ɗaukarsu a matsayin nasa. Aji na malami ne, ofis na shugaba ne, amma baranda fa, matakala, bayan banɗaki, filin wasa, bakin get bayan an tashi? Kowa na wucewa, babu mai shi. Yadda ake yi, a zana makarantar a takarda, ko da zanen hannu ne, a ba kowane yaro kwafi, a ce ya sa ja a inda yake tsoro, kore a inda hankalinsa ke kwanciya, ya rubuta lokaci. Idan ka tara takardun ka ɗora su a kan juna sai ka ga jan ya taru a wuri biyu ko uku, kamar ƙuda a kan miki. Na ga wata taswira da 'yan mata suka cika lungun hanyar banɗaki da ja har takardar ta huje, muka je muka tsaya a wurin, ashe tankin ruwa ne ya tare ganin duk wanda ke tsaye a baranda, kuma dole sai ta gaban inda manyan samari ke zama ake bi. Ƙofar banɗakin kanta ba sakata, sai wata ta tsaya ta riƙe wa wata. Da aka zauna da yaran sai ga shi da yawansu ba sa shan ruwa tun safe don kar buƙata ta kama su, wasu kuma a wasu kwanaki na wata gida suke zama gaba ɗaya. Malaman da suka yi shekaru a makarantar ba su san da wannan ba, ba don ba su damu ba, su nasu banɗakin daban ne, ba abun da ke kai su can. Gyaran kuma bai wuce sakata da sauya wurin zama da sa malami ɗaya ya riƙa tsayawa a wurin lokacin hutu ba.

A cikin duk tambayoyin, da za a ce na zaɓi ɗaya tak, zan zaɓi "akwai babba a makarantar nan da za ka iya gaya wa idan wani abu ya dame ka?" Bayan harbin da aka yi a makarantar sakandare ta Columbine a Amurka a 1999, hukumar Secret Service mai tsaron shugaban ƙasar da ma'aikatar ilimi ta Amurka sun binciki hare-hare 37 da ɗalibai suka kai makarantu tsakanin 1974 da 2000, rahoton ya fito a 2002. A kashi 81 cikin 100 na hare-haren akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san wani abu kafin a kai, kuma kusan duka waɗanda suka sani ɗin yara ne, aboki ko ɗan aji ko ɗan uwa. Labarin yana nan a cikin makarantar yana yawo, bai dai hau zuwa wurin manya ba. Shi ya sa ban yarda da masu raba abun biyu ba, wai tsaro shi ne na gaske, yanayi kuma kayan ado ne da za a duba in an samu rarar kuɗi. Kyamara tana nuna maka abun da ya riga ya faru. Yaron da ya yarda da malaminsa shi zai zo tun kafin.

Sai maganar lissafi, wadda a nan ma ake yawan yaudarar kai. A ce kashi tamanin na ɗalibai sun ce suna jin lafiya lau, sai a tafa a rufe fayil. Sauran ashirin ɗin su waye? In ka rarraba amsoshin, maza daban mata daban, sababbin shiga daban, masu buƙata ta musamman daban, 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo daban, sau da yawa zaka ga tsoron ba a warwatse yake ba, a kan wasu 'yan tsiraru ya taru. Amma a kula, idan rukunin ya yi ƙanƙanta sosai, kamar yara huɗu ko biyar, fitar da sakamakonsu daban tamkar kiran sunansu ne. Kuma akwai waɗanda ba su amsa ba kwata-kwata don ranar ba su zo ba, alhali wanda tsoro ya fi ci shi ya fi fashi, shi ya sa nake ajiye rajistar kiran suna kusa da sakamakon ina dubawa tare. Malamai ma a tambaye su, da masu shara da maigadi da direba, su ne ke ganin abun da ake yi in an ɗauka babu mai kallo. Malamin da shi kansa ake wulaƙanta shi a gaban ɗalibai ko ake riƙe masa haƙƙi, da wuya ya zama wanda yaro zai samu sauƙi a wurinsa.

Wani abu da nake gargaɗin shugabannin makaranta tun kafin mu fara, bayan an yi wannan aikin da kyau ƙorafi ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Rajistar da take fara sai ta fara cika. Wasu sai hankalinsu ya tashi, su ga kamar mun zo mun ɓata musu suna, musamman idan masu kula da su daga sama da yawan ƙorafi suke auna su. Wannan ma'aunin ni ina ganin kuskure ne babba, don duk wanda za a hukunta saboda lamba zai san yadda zai yi lambar ta sauka ba tare da ya taɓa matsalar ba.

Kuma sakamakon a mayar wa yaran. A tara su a ce ga abun da kuka faɗa, ga biyu da za mu gyara kafin ƙarshen zango, ga wanda ya fi ƙarfinmu yanzu da dalili. Inda aka karɓi amsoshi aka tafi shiru, in ka dawo baɗi zaka ga takardun sun dawo da layi ɗaya an bi an sa alama daga sama har ƙasa ba tare da an karanta ba. In za a sake aunawa kuma a yi da tambayoyin nan dai, a kuma daidai wannan lokacin na shekara, don amsar makon farko na zango da ta makon jarrabawa ba sa kwatantuwa.