Lita Tara A Zuwa, Ƙasa Da Bakwai A Dawowa

Gari bai gama wayewa ba muka tsaya a gidan mai, ni da Kawu, kowa a kan nasa babur. Nawa mai giya ne, injin 125, na kafireta, wato na'urar da ke haɗa masa mai da iska, tankinsa lita 10. Nasa sukuta ce 110, irin wadda ba a sa mata giya, kwamfuta ce ke auna mata man da za ta sha. Kilomita 312 ne a gabanmu. Da aka cika mana tankuna, Kawu ya ciro guntun takarda daga aljihu ya rubuta lambar da ke kan mitarsa, ya leƙo ya rubuta tawa.

"Kawu, lissafin me kuma tun ba a tashi ba?"

"In mun isa ka sake cika tankin har wuya, ka raba kilomita da lita. Duk wanda ya ce maka babur ɗinsa ba ya shan mai, tambaye shi ko ya taɓa aunawa."

Ni dai ban taɓa ba. Abin da na sani shi ne in girgiza babur in saurari motsin mai a tanki.

Muna fita daga cunkoson gari hanya ta miƙe sambal, fili hagu da dama, iska na bugo mu ta gaba. Na murɗa totur. Allura ta haye 80, ta taɓa 90, rigata ta cika da iska tana faɗi-faɗi a bayana, babbar jakar da na ɗaure a gicciye kuwa ta leƙo ta kowane gefe kamar kunnen giwa. A madubi na ga Kawu yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Bayan kamar minti ashirin na tsaya a inuwar wata bishiya ina jiransa, injin na kunne, ina ɗan ba shi wuta don jin daɗin ƙararsa. Ya iso a 60 ɗinsa, bai ko rage ba, ya ɗaga mini hannu ya wuce. Na sake bin sa, na wuce shi, na sake tsayawa jira. Haka muka yi ta yi har rana ta take, sauri ya haifi nawa ke nan, don ko sau ɗaya ban riga shi zuwa ko'ina ba.

Da muka kai kusan rabin hanya ya tsaya ya ƙara mai, saboda tankin sukuta ƙarami ne. Ya ce in ƙara ni ma. Na ce masa lita 10 ta isa ta kai ni har da saura. Bai ja maganar ba.

Daga nan ƙasa ta fara tashi. Hawa ne mai lanƙwasa, duwatsu a gefe, manyan motoci na ta nishi a gabanmu. A nan na yi wani kuskuren da sai daga baya na gane shi. Na bar babur a giyar ƙarshe ina ta murɗa totur har ƙurya, injin na gurnani yana kakkarwa amma ba ya gaba. Mai na zuba, ƙarfi babu. Da na sauko giya ɗaya, da injin ya sami numfashi ya hau da rabin totur. Ga kuma abin da tudu ke yi wa kafireta: iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, ita kuwa kafireta ba ta san haka ba, gwargwadon man da ta saba bayarwa take bayarwa, sai haɗin ya yi mai da yawa. Sukutar Kawu tana da na'urar da ke auna iskar ta daidaita man da kanta.

A kilomita 270 babur ɗina ya yi tari sau biyu ya mutu. Na juya makunnin mai zuwa rizab, wato ɗan man ajiya na ƙasan tanki, ya tashi, amma gabana ya faɗi, don tun da muka sauko daga tudun ban ga gidan mai ko ɗaya ba, ga rana ta yi sanyi. Saura kilomita 42. Wannan karon ni na bi bayan Kawu, a 55, na sunkuyar da kai, ina riƙe da totur kamar mai riƙe da ƙwai. Da muka isa aka cika mini tanki, lita 9 cif ya sha. Kilomita kusan 35 a kowace lita ke nan. Kawu ya haɗa man da ya ƙara a hanya da na yanzu, ya kama lita 6.3, wato kusan 50.

Na ce ai sukuta ce, dole. Ya ce gobe da safe ma yi magana.

Washegari tun kafin tayoyi su ɗumi ya sa na fito da babur tsakar gida. Kawu ya yi shekaru yana gyaran babura kafin idonsa ya raunana, kuma a kan Honda Super Cub ya koyi aikin, babur ɗin da aka fara ƙerawa a 1958, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Yakan ce sirrin wannan babur bai wuce rashin nauyi da ƙaramin inji ba. Ya durƙusa ya nuna mini wata 'yar takarda da ke manne kusa da sarƙa, wadda shekara uku ina hawa ban taɓa karantawa ba. Ta ce iskar tayar baya 29. Ya sa ma'auni, ya nuna 19.

"Taya in ta yi laushi, lanƙwashewa take yi a kowane juyi, ta ɗauki zafi. Zafin nan man ka ne. Kuma da sanyi ake aunawa, in ta yi gudu iskar kan kumbura ta yaudare ka."

Ya ɗora babur a kan babban jak ya juya tayar baya da hannu. Ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta tsaya. Birki ne ke ɗan kamawa, ni da kaina na ɗaure shi fiye da kima watannin baya don in ji yana ci da wuri. Wato kilomita 312 na yi ina jan birki ban sani ba. Sarƙa kuma ta bushe ƙamas, ta yi ja. Muka wanke ta da kananzir, muka sa mata mai, ya daidaita ta yadda za ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3.

Matatar iska ce ta fi ba ni kunya. Da ya buɗe, soson ya toshe da ƙura har ba a gane launinsa. Ya ciro fulogi, bakinsa baƙi wuluk kamar gindin tukunya. Ya ce injin fetur yana son iska kusan kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na mai, a nauyi. In soso ya toshe, iska ta ragu, kafireta sai ta tsotso mai fiye da wanda zai ƙone, ragowar ya fita ta salansa ko ya zama wannan baƙin. Fulogi mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake.

Na ce to ya ɗaure mini kafiretar kawai ta rage sha, kamar yadda na ga ana yi.

"Kul, ɗan nan. In ka matse mai ya yi kaɗan, injin zafi zai riƙa yi, fulogi ya yi fari fat, wata rana ka ƙona bawul ko fistin. Man da ka tsimi a shekara ba zai biya gyaran ba."

Ita ma sukutar ba ta tsira ba, ya ce, nata ciwon daban ne. Bel ɗinta da 'yan ƙwallayen da ke cikin fuli in suka cinye, injin sai ya riƙa ihu gudun bai kai ihun ba. Shi ya sa yake buɗe wajen a lokacin da littafin babur ɗin ya faɗa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin iska, don shi babu sukurun da za a juya. Turjiyar iska ba ta tafiya daidai da gudu. In ka ninka gudu biyu, ita ninki huɗu take yi, ƙarfin da injin ke bukata don ya keta ta kuma ninki takwas. Daga 60 zuwa 90 ta haura ninki biyu. A babur kuwa babu gilashi babu rufi, ƙirjinka da rigarka da jakarka su ne bangon da ake turawa. A ganina wannan kaɗai ya fi duk gyaran da muka yi da safen nan nauyi, kodayake Kawu ya fi ɗora laifin a kan birki.

Da za mu dawo na juya jakar ta kwanta a tsaye bisa kujera, bayana ya kare ta, na zuge rigata har wuya. Cok, wato abin da ke ƙara wa injin mai in yana da sanyi, na kashe shi da zarar injin ya daidaita, ban tsaya ɗumama shi minti biyar ba kamar da. Na riƙe 60 zuwa 65. Na koyi kallon nesa: in na hango ƙauye ko tudun rage gudu, tun daga can nake sakin totur, babur ya gangara da kansa, maimakon in iso da wuta in taka birki. Duk inda za mu tsaya fiye da minti ɗaya, kashewa nake yi.

A gangaren tudun zuciyata ta raya mini in kashe injin gaba ɗaya in sulalo kyauta. Kawu kamar ya sani, ya matso kusa ya girgiza kai. Daga baya ya ce a doguwar gangara injin ne ke taya birki riƙo, in ka kashe shi ka fitar da giya, birki kaɗai zai ɗauki nauyin har ya yi zafi ya daina ci, a kan 'yan cokulan mai.

Wani abin mamaki, a wannan gudun na ga hanyar. Akwai wani kogi da muka haye ta kan doguwar gada wanda a zuwa ko lura da shi ban yi ba.

Ban shiga rizab ba har muka koma gidan man da muka tashi. Lita 6.8, kusan kilomita 46 a lita. Gaskiya ba duka ne aikina ba, iskar da ta tare mu a zuwa ta taya mu a dawowa, kuma na faɗa wa Kawu haka. Ya amince, ya ce shi ya sa awo ɗaya ba ya isa, sai an cika tanki uku ko huɗu a jere ana rubutawa. Ya yaga takardar gida biyu, ya miƙo mini ɓangaren da ke da lambobina, ya ce in nemi biro in ajiye a ƙarƙashin kujera.