Ƙaramin gwaji, matsakaici da babba: me kowanne zai taɓa?

Masu rubuta manhaja ba sa gajiya da gardama kan sunan da ya dace da kowane gwaji, wato ɗan kod da ke duba ko manhaja na aiki daidai. Abin da ya fi shi ne a ajiye batun suna, a kafa doka kan abin da gwajin zai iya taɓawa. Haka ake yi a Google, kuma Bazel, kayan aikinsu na gina manhaja, ya yanka wa kowane mataki wa'adi: ƙarami daƙiƙa 60, matsakaici 300, babba 900. Duk wanda ya wuce wa'adinsa ya faɗi.

Ƙaramin gwaji ba ruwansa da intanet, ba ya taɓa rumbun bayanai, ba ya buɗe fayil, ba ya zaman jira. Abin da aka fi mantawa da shi a nan shi ne agogo. A ce an rubuta kod da zai ƙara wata guda a kan ranar da mutum ya biya kuɗin rajista. In gwajin na karanta agogon kwamfuta, zai yi ta cin nasara har ƙarshen Janairu, sai ya faɗi, domin babu 30 ko 31 ga Fabrairu. Maganin shi ne a miƙa wa kod ɗin ranar da ake so da hannu, a gwada ƙarshen wata da tsakar dare da gangan.

Matsakaici yana da izinin rumbun bayanai, amma komai a kwamfuta ɗaya. In rumbun bayanai na PostgreSQL manhajar ke amfani da shi, to shi za a tayar cikin Docker, mai gudanar da manhaja a keɓe cikin kwamfuta; kayan aikin Testcontainers na sauƙaƙa hakan. Kada a musanya shi da SQLite, wani rumbun bayanai mara nauyi, wai don sauri: SQLite zai iya karɓar rubutu a gurbin da aka ware wa lamba, PostgreSQL kuwa zai ƙi, ka ga gwaji ya wuce alhali kuskuren na nan kwance. Kowane gwaji ya share abin da ya zuba kafin na gaba ya fara. Don a tabbatar da haka, a riƙa cakuɗa jerinsu da pytest-randomly, wani ƙari na pytest, kayan gwajin harshen Python. Wanda ke jingine da ragowar wani nan take zai tonu.

Babban gwaji shi ne mai buɗe burauza da Playwright ko Selenium, kayan aikin da ke sarrafa burauza kamar mutum ne ke dannawa. Kaɗan ake so: shiga asusu, biyan kuɗi, da makamantansu. Dokarsa, ba a cewa "jira daƙiƙa 5", sai dai "jira har maɓallin ya bayyana".

Dokar da aka rubuta a takarda kawai, wata rana sai an taka ta, saboda haka inji ne zai tsare ta. Da pytest-socket, wani ƙarin na pytest, ana toshe wa ƙananan gwaje-gwaje hanyar sadarwa, duk wanda ya yi yunƙurin leƙa waje ya faɗi. Ƙanana su gudana duk lokacin da aka tura kod, matsakaita kafin a haɗe shi da babban reshe, wato ainihin kod ɗin da kowa ke aiki a kansa, manya kuma da dare ko kafin a saki sabon zubi. Gwajin da ke faɗuwa yau ya wuce gobe ba tare da an canja komai ba, a tsame shi gefe, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin gyaransa da ranar gamawa.